Tayar da Ba a Ƙara wa Iska Ba: Jirgin Alhazan Sakkwato a Jidda, 1991

Da safiyar Alhamis, 11 ga Yuli 1991, ana cikin kwanakin ƙarshe na watan Zulhajji, fasinjoji 247 suka hau jirgi a filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda za su koma gida ta Sakkwato. Alhazai ne. An sauko daga Arfa kusan mako uku ke nan, an yi jifa, an yi ɗawafin bankwana, an ɗaure tsaraba. Sakkwato ta wancan lokacin babbar jiha ce, ba a riga an cire Kabi da Zamfara daga cikinta ba, don haka filin jirginta shi ne mashigar alhazan yanki mai faɗin gaske. Tare da su akwai ma'aikata 14. Daga sa'ad da matuƙi ya saki birki zuwa sa'ad da jirgin ya faɗi, ƙasa da kilomita uku daga bakin titin da yake neman sauka a kai, kimanin minti goma ne kacal. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita da rai. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu.

Abin da ke mayar da ni kan wannan lamari shi ne ƙanƙantar silarsa. Injina huɗu na jirgin suna aiki, sama garau take, matuƙan sun daɗe a sana'ar. Taya ce iskarta ta gaza, kuma akwai mutanen da suka san da haka kwana huɗu kafin ranar.

Jirgin samfurin Douglas DC-8 ne, ƙirar 1968, mai lambar rajistar Kanada C-GMXQ. Lambar tafiyar ta kamfanin Nigeria Airways ce, 2120, amma jirgin ba nasa ba ne. Na wani kamfanin Kanada ne, Nationair, wanda ya ba da shi shata tare da matuƙansa da masu kula da fasinja da kanikawansa, kamar yadda za ka ɗauki shatar mota da direbanta da yaronta. Shi kuma Nigeria Airways ya miƙa aikin jigilar ga wani kamfani mai suna Holdtrade. Hannu uku ke nan a kan jirgi guda. Wannan tsari ba baƙo ba ne a jigilar alhazai, domin aikin Hajji yana buƙatar jirage masu yawa cikin 'yan makonni, sannan buƙatar ta ɗauke har sai baɗi. Ba kamfanin da zai ajiye jirage duk shekara saboda wata guda. Sai a nemo na haya daga nesa, su zo da mutanensu, su yi aiki nesa da garejinsu da ma'ajiyar kayan gyaransu da manyan da ke sa musu ido. A 1973 ma, jirgin Boeing 707 da ya faɗi a Kano da alhazai, mutum 176 suka rasu, na kamfanin ƙasar Jodan ne da Nigeria Airways ya yi shata.

Nationair ya turo wani jami'i ya zama manajan aikin. Shi ke hulɗa da masu kwangila, shi ake kira in jirgi ya makara, shi ke jin zafin kowace awa da aka rasa. Ba matuƙi ba ne a wannan tafiya, ba kuma shi ke da hurumin cewa jirgi ya cancanci tashi ba. Amma a zahiri, maganarsa ce ke tafiya.

Ranar 7 ga Yuli, a Akra babban birnin Gana, kanikawan suka yi wa jirgin duba, suka sa geji a tayoyi. Biyu daga ciki, mai lamba 2 da mai lamba 4, iskarsu ta yi ƙasa da abin da ƙa'ida ta yarda a tashi da shi. Aka rubuta adadin a takardar duba. Daga baya aka sauya abin da aka rubuta, aka ɗora adadin da ya yi daidai da ƙa'ida, alhali ba a ƙara wa tayoyin komai ba. Masu bincike sun gano haka ne da suka yi wa takardar nazarin ƙwaƙƙwafi, suka ga rubutun farko a ƙarƙashin na biyu. Daga ranar kuma babu wata shaida da ta nuna an sake sa geji a tayoyin nan.

A harkar jirgi, takarda ita ce idon wanda bai je wurin ba. Matuƙi ba ya yawo da geji. Injiniyan da zai sa hannu ba ya sake kwance duk abin da aka ɗaura. Kowa yana dogara da abin da na gabansa ya rubuta, haka amana ke tafiya daga hannu zuwa hannu har ta kai ga wanda ke zaune a gaban sitiyari. Ranar da aka gyara lamba a takarda maimakon a gyara taya, daga ranar duk wanda ya karanta takardar ya zama makaho bai sani ba.

An yi niyyar sauya wasu tayoyin a Akra ranar 10 ga wata, har an fara shiri. Sai saƙon fakis ya iso daga manajan aikin. Abin da ke ciki a taƙaice: a yi duk yadda za a yi jirgi ya dawo Jidda a kan lokaci, masu kwangila sun fara ba wa wasu jirage fasinjojinmu saboda jinkiri, kada a bari kanikawa su tsaya sauya taya a Akra. Aka bar aikin, aka tashi. Jirgin ya iso Jidda, ya kwana a can.

Washegari da safe, an riga an loda kaya, alhazai sun shiga sun zauna, saura kaɗan a rufe ƙofa, sai babban bakaniken ya nemi a kawo masa iskar naitirojin zai ƙara wa taya. Ba a cika tayar babban jirgi da iskar da falkanaiza ke bugawa a bakin titi. Dalilin yana da tarihi: a 1986 wani Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya faɗi a ƙasar Meziko, mutum 167 suka mutu, bayan wata taya da aka cika da iskar gama-gari ta yi zafi ta fashe a cikin kogon da tayoyi ke shiga bayan tashi. Iskar da muke shaƙa tana taimakon wuta, naitirojin ba ta yi. Daga nan aka wajabta ta a tayoyin da ke da birki. To a safiyar nan, tukwanen naitirojin na kamfanin da ke yi wa jirgin hidima a ƙasa babu komai a cikinsu. Ana iya samowa daga wani wuri a filin, amma zai ci lokaci. Manajan aikin ya ce a bar maganar.

Ba wanda ya hau ya gaya wa kyaftin. Injiniyan jirgin, wanda ke zama a bayan matuƙa biyu yana kula da na'urori, shi ya sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi, alhali ba da shi aka yi aikin hidimar jirgin ba.

Direbobin tirela da yaransu sun san abin da ya biyo baya tun kafin a gaya musu. In tayoyi biyu suna jere a kan ƙarfe guda, ɗaya ta yi laushi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin. Kuma mai laushin ba ta nuna kanta, domin lafiyayyar tana tallafe da ita, ido ba zai ga ta kwanta ba. Taya mai lamba 1 da mai lamba 2 haka suke, a jere a ƙafar jirgin ta hagu. Jirgin cike yake da mutane da kaya da man da zai kai shi tafiyar fiye da kilomita 3,500. Daga inda ya yi lodi zuwa bakin titin tashi ya gangara wajen kilomita biyar, a kan kwaltar Jidda a watan Yuli. Duk juyi ɗaya, gefen taya mai lamba 1 yana lanƙwasawa fiye da yadda aka ƙera shi ya yi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana cin zaren da ke cikin roba. Kafin a kai bakin titi ta riga ta gaji. Wato tayar da ta fara fashewa ba ita ce mai ƙarancin iskar ba, lafiyayyar ce da aka ɗora wa kayan biyu.

Daƙiƙa 45

Gab da ƙarfe 8:30 aka saki birki a titi mai lamba 34 na hagu. Mataimakin matuƙi ne ke tuƙi, kyaftin yana sa ido yana kiran gudu. Kyaftin ɗin tsohon matuƙin sojan saman Kanada ne, ya haura sa'o'i 10,000 a sama.

Kimanin daƙiƙa 15 da sakin birki, na'urar naɗar magana ta kama wata ƙara mai kai-komo. Injiniya ya tambayi mene ne wannan. Mataimaki ya ce ko taya ce ta fashe? Ƙarar ta sake dawowa. Kyaftin ya tambayi mataimakin ko yana danna birki ne, domin a jirgi birki yana saman fedar da ake saita hanci da ita, ƙafa na iya hawa kansa ba da niyya ba. Mataimaki ya ce a'a, ƙafafunsa a ƙasan feda suke. Kafin a gama wannan 'yar magana jirgin ya kai gudun not 80, wato kusan kilomita 150 a awa. A daƙiƙa ta 28 kyaftin ya kira not 90. A wajen daƙiƙa ta 45 ya kira V1, gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi. Jim kaɗan mataimaki ya ce yana jin jirgin na wata irin rawa. A daƙiƙa ta 51 aka ɗaga hanci.

A ƙasa kuwa, taya ta 1 ta fashe, ta 2 ta bi ta nan take. Wilin ta 2 ya daina juyawa, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta da nauyin jirgi a kansa, har ragowar robar ta kama da wuta. Waɗanda ke kallo daga ƙasa sun ga harshen wuta a ƙafar hagu lokacin da jirgin ya tashi. Daga ɗakin matuƙa ba a ganin tayoyi, suna can baya a ƙarƙashin fiffike.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ya hana shi tsayawa? Sai an fahimci yadda fasa tashi yake kafin a amsa ta da adalci.

Kafin kowace tafiya ana lissafa wani gudu, gwargwadon nauyin jirgi da tsawon titi da zafin rana, ana kiransa V1. Ƙasa da shi, in aka taka birki, sauran titin zai isa a tsaya. In an wuce shi, titi ba zai isa ba, sai a tashi da matsalar a je a magance ta a sama, ko da inji ɗaya ne ya mutu. Amma ko ƙasa da V1 ɗin, tsayawa ba abu ne mai sauƙi ba. Jirgi mai nauyin fiye da tan ɗari yana gudun kilomita 250 a awa, duk wannan ƙarfi birki ne zai shanye shi ya mayar da shi zafi. In taya ta fashe kuwa, an rasa wani ɓangare na birkin da aka yi lissafin da shi, sai tazarar tsayawa ta ƙaru.

Matuƙan zamanin sun taso da labaran waɗanda suka tsaya suka yi nadama. A 1978 a Los Angeles, wani DC-10 na kamfanin Continental ya yi fashewar tayoyi gab da V1, aka taka birki, titi ya ƙare, jirgin ya kama da wuta, aka rasa rayuka. A 1982 a Malaga ta ƙasar Sifen, wani DC-10 na kamfanin Spantax ya fara girgiza saboda tayar gaba ta ɓare, kyaftin ya fasa tashi bayan ya riga ya wuce V1, jirgin ya tsallake titi ya ƙetare babbar hanyar mota, mutum 50 suka mutu. Darasin da aka ɗauka daga irin waɗannan shi ne: fashewar taya a babban gudu ba dalilin tsayawa ba ce. Ka tashi, ka rage mai, ka dawo ka sauka da dukan titi a gabanka da motocin kashe gobara suna jira. A mafi yawan lokuta wannan shawara daidai ce, har gobe.

Sai dai a Jidda alamar farko ba a babban gudu ta zo ba. Ta zo ne tun jirgin bai kai not 80 ba, titi yana nan shimfiɗe a gaba. A ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi yanzu, an raba gudun tashi gida biyu. Ƙasa da not 80 a jiragen Boeing, ko 100 a na Airbus, ana tsayawa saboda kusan kowace matsala: baƙuwar ƙara, girgiza, fashewar taya, fitilar gargaɗi. Sama da haka har zuwa V1, ba a tsayawa sai don gobara, ko mutuwar inji, ko abin da ya nuna jirgi ba zai iya tashi ba. Da wannan ma'auni, daƙiƙa ta 15 lokacin tsayawa ce. Amma wannan rabo bai zauna daram a horon matuƙa ba sai bayan da hukumar jiragen saman Amurka da masu ƙera jirage suka fitar da kundin horo a kan fasa tashi a farkon shekarun 1990. Horon da matuƙan Nationair suka samu ya fi karkata ga matsalar inji, bai shirya su ga fashewar taya ba. Jirgin kuma ba shi da na'urar da za ta nuna iskar taya ko zafin ƙafa.

Ni dai a ganina, nan ne zuciyar lamarin take. Dubi tambayar da kyaftin ya yi: ko kana danna birki? Wannan tambayar mutumin da ke lalube ce, yana neman dalilin ƙarar da bai san asalinta ba. Daƙiƙun da aka kashe a laluben su ne daƙiƙun da tsayawa ke da arha. Da an ce masa tun a wurin lodi, ranka ya daɗe, taya ta 2 iskarta ta gaza kuma ba mu sami naitirojin ba, ɗayan biyu ne: ko ya ƙi tashi, wanda shi ne hurumin da doka ta ba shi, ko kuwa in ya yarda ya tafi, ƙarar farko ba za ta zo masa a baƙuwa ba. Mataimakinsa ya faɗi amsar daidai a daƙiƙar farko, amma a matsayin zato ya faɗe ta. Labarin da zai mayar da zaton nan yaƙini yana wurin mutum biyu, ba su faɗa ba.

Ba ina wanke matuƙan ba ne gaba ɗaya. Rahoton binciken ya ce sun ji alamun da ba na al'ada ba tun farkon gudu har ƙarshensa, kyaftin kuma ya ci gaba. Amma wanda ke da daƙiƙa goma ba daidai yake da wanda ya yi kwana huɗu da sani ba.

Da jirgi ya bar ƙasa aka janye tayoyi, kamar yadda tsarin kamfanin ya tanada. Masu kallo suka ga wutar ta ɓace. Ba mutuwa ta yi ba, cikin jirgi aka shigar da ita. Kogon tayoyin DC-8 yana ƙarƙashin tsakiyar ɗakin fasinja. Ta nan bututun man haidirolik, mai motsa sassan jirgi, suke bi, da wayoyin lantarki, da igiyoyin ƙarfe da ke juya fikafikai, ga kuma tankin mai na tsakiya a maƙwabtaka. Babu na'urar jin wuta a wurin. Da an bar tayoyin a waje, wutar tana can nesa da waɗannan, amma matuƙan ba su san akwai wuta ba balle su yi wannan tunani.

Cikin minti uku na'urori suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Iskar cikin ɗaki ta ƙi daidaituwa, fitilar gargaɗin ƙafar jirgi ta kama, man haidirolik ya zube. Kyaftin ya kira masu kula da zirga-zirgar jirage ya nemi ya tsaya a ƙafa 2,000. A kiran sai ya ambaci sunan kamfaninsa, Nationair, maimakon sunan da aka san tafiyar da shi na Najeriya. Jami'in da ke kan rediyo ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke magana, aka yi kusan minti uku ana wannan ruɗani. Masu bincike sun ce bai sauya ƙarshen lamarin ba, amma yana nuna abin da shata mai hannu uku ke haifarwa: ko sunan jirgin ma biyu ne.

Matuƙan suka sanar da halin gaggawa, suka ce suna jin tayoyinsu sun fashe. Wani ma'aikacin ɗakin fasinja ya shigo ya ce hayaƙi ya yi tsanani a baya. Sai mataimaki ya ce ƙananan fikafikan da ke karkata jirgi sun daina amsa masa, kyaftin ya karɓi tuƙin. Wannan ce magana ta ƙarshe da baƙin akwati ya naɗa, wuta ta cinye wayoyinsa da ƙarfe 8:33.

Abin da ya faru a ɗakin fasinja a minti biyar da suka rage, ba zan tsawaita a kansa ba. Wutar ta huda tankin tsakiya, ta ci daɓen da ke saman kogon tayoyi. Da aka sauke tayoyi don sauka, kimanin mil 11 daga titi, ƙofofin kogon suka buɗe, iska ta shiga ta hura wutar, kujeru da mutanen da ke kansu suka fara faɗowa. Duk da haka kyaftin ya riƙe jirgin ya saita shi da titi. A ɗaya daga cikin kiraye-kirayensa na ƙarshe ya ce suna cin wuta, suna dawowa yanzu. Da ƙarfe 8:38 jirgin ya kifa da hanci, mita 2,875 kafin bakin titi.

Har yau babu haɗarin DC-8 da ya ci rayuka kamarsa, babu kuma na wani kamfanin Kanada da ya kai shi. A ƙasar Saudiyya, gobarar jirgin Saudiya a Riyad a 1980, wadda ta ci mutum 301, ita kaɗai ta fi shi.

Mu musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara, kuma na san da haka iyalai da yawa suka sami haƙuri: sun cika a hanyar dawowa daga ɗakin Allah, kwana ne ya ƙare. Wannan gaskiya ce, ba na jayayya da ita. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ajali ba ya ɗauke tambaya daga kan wanda ya ga lamba a geji ya rubuta wata. Ina jin ciwon yadda a wurinmu maganar ƙaddara takan rufe bakin mai tambaya tun bai buɗe ba, har ya zama matasa da yawa a Sakkwato da Birnin Kabi da Gusau sun ji labarin jirgin alhazan da ya ƙone a Jidda, amma ba su taɓa jin cewa maganar taya ce ba.

Hukumar jiragen saman Saudiyya ce ta jagoranci binciken, tare da takwarorinta na Kanada. Shawarwarin da suka fito sun shafi sanya na'urorin jin zafi da wuta a kogon tayoyi, da koya wa matuƙa da kanikawa haɗarin taya mai ƙarancin iska, da sa ido a kan ayyukan da kamfani ke yi nesa da gida. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai a yau, irin su Boeing 777 da Airbus A330, suna nuna wa matuƙi zafin birki a allo, da yawansu har da iskar kowace taya. Wannan ci gaba ne na gaske.

Sai dai na'ura ba ta kashe halin da ya haifar da matsalar ba. A watan Satumba na 2008, a garin Columbia da ke jihar Karolaina ta Kudu a Amurka, wani ƙaramin jirgin shata samfurin Learjet 60 ya fara gudun tashi da tayoyin da aka daɗe ba a sa musu geji ba, iskarsu ta yi ƙasa sosai. Suka fashe. A wannan karon matuƙiyar ta fasa tashi, amma bayan ta wuce V1. Jirgin ya zarce titi ya kama da wuta, mutum huɗu cikin shida suka mutu. A Jidda an ci gaba lokacin da ya kamata a tsaya, a Columbia an tsaya lokacin da ya kamata a ci gaba. Mai karatu zai iya ɗauka kuskure biyu ne mabambanta, amma farkonsu ɗaya ne: taya da aka bari babu iska, aka miƙa wa matuƙi ya warware cikin ƙiftawar ido abin da minti kaɗan da geji za su hana.

Matsin lamba irin na safiyar nan ma bai tafi ko'ina ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a Jidda bayan Hajji ya san yadda rai ke ɓaci: guzuri ya ƙare, tsofaffi sun gaji, ana kwana a kan kaya, kowa idonsa a kan jami'i. Jami'in yana matsa wa kamfani, kamfani yana matsa wa manajansa, manaja yana matsa wa bakanike, wanda shi ne mafi ƙarancin murya a jerin kuma shi kaɗai ya taɓa tayar da hannunsa. In aka ce jirgi ya makara saboda gyara, mu fasinjoji mukan ɗauka wulaƙanci ne. Wani lokaci wulaƙancin ne. Wani lokaci kuma wani bawan Allah ne a ƙarƙashin fiffike ya ƙi sa hannu.

Nationair bai daɗe ba bayan haɗarin. Ya shiga rikici da ma'aikatan ɗakin fasinjansa, bashi ya yi masa katutu, ya durƙushe a 1993. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003.

Akwai abu ɗaya da ke hana ni kallon mutanen nan biyu, manajan aikin da babban bakaniken, a matsayin mugaye. Ba su ɗauki tayar da bakin komai ba. Jirgin ya yi sahu da dama da ita tun daga 7 ga wata, ya tashi ya sauka lafiya, kowane sahu yana ƙara musu tabbacin cewa maganar za ta iya jira zuwa gobe. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu abin da zafi ke yi wa zaren taya a tafiyar kilomita biyar da cikakken lodi. Da aka ce a bar maganar naitirojin, ba tsayawa suka yi a ƙasa suna ɗaga wa jirgi hannu ba. Dukansu biyu sun hau, an rufe ƙofa da su, suna cikin ma'aikata 14 ɗin nan.